Me Ya Sa Mashayun Ingila Ke Rataya Hoton Dabbobi?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya tambaya: me ya sa mashayun Ingila ke rataya hoton zaki ko barewa a ƙofa?

To Malam, abin yana da asali. A 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da giya kafa alama, domin masu duba ingancinta su gane wurin. Da yake yawancin jama'a ba su iya karatu ba, sai hoto ya zama suna. Wasu ma, don neman fada, suka ari farar barewa, tambarin sarkin kansa.

Yau gasar bambanta mashaya da sauran ta sauko daga ƙofa har ƙasa. Kamfanin Wetherspoon yana shimfiɗa wa kusan kowace mashayarsa kafet mai zanen da babu irinsa a wata mashayar, har mutane na zuwa takanas ɗaukar hotonsa.