Darasin Girki: Kalzone, Abin Motsa Baki Na Mutanen Italiya

Yau za mu leƙa ƙasar Italiya mu koyi wani gasasshen abin motsa baki mai nama da cuku, wanda za ki iya fitarwa a walima, ko suna, ko ranar Sallah idan baƙin maigida sun cika falo.

A al'adar Italiyawa, kafin a kawo babban abinci akan fara gabatar da ɗan abin taɓawa da suke kira antifasto, ma'ana abin da ke zuwa kafin abinci. Kalzone kuwa asalinsa daga birnin Napoli ne da ke kudancin ƙasar, garin da fiza ta yi suna. Kwaɓin fiza ne ake zuba masa nama da cuku a ninke shi kamar rabin wata, sannan a gasa. Idan aka yi shi ƙanana, sai ya zama abin da baƙo zai ɗauka da hannu ɗaya. A yankin Fuliya ma suna da ƙananan da ake soyawa a mai, su ake kira fanzeroti. Namu dai na gashi ne.

Abin lura kafin ki shiga kasuwa

'Yar uwa, a nan ne ake son ki buɗe ido. Naman da Italiyawa suka saba sawa a cikin kalzone shi ne salami, kuma salami na asali naman alade ne, wani ma da giya ake haɗa shi. Haka nan idan kin ga an rubuta Prosciutto, ko Pancetta, ko Mortadella a jikin leda, to duk na alade ne, sai fa in an bayyana cewa na sa ne ko na kaza, kuma da tambarin halal. Baƙon da ya ci abincin gidanki bai tambaye ki me ke ciki ba saboda ya yarda da ke, wannan kuwa amana ce. Shi ya sa za mu yi namu da niƙaƙƙen naman sa da kika san inda aka yanka.

Cuku ma yana da nasa bayani. Akan daskarar da madara ne da wani sinadari da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi. Sanannen cukun nan Parmigiano Reggiano, dokar yinsa ma ta wajabta amfani da wannan sinadari. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa idan ba a yi wa dabbar yankan Musulunci ba. Mafita mai sauƙi ita ce ki nemi cukun mozarela mai tambarin halal, ko wanda aka rubuta cewa ba a sa masa sinadarin dabba ba.

Kayan haɗi (zai ba ki kamar guda 20)

Na kwaɓi: fulawa kofi 4 (giram 500), yis cokalin shayi 2, sukari cokalin shayi 1, gishiri cokalin shayi 1 da rabi, man zaitun babban cokali 2, ruwan ɗumi kofi 1 da kwata.

Na ciki: niƙaƙƙen naman sa giram 300, albasa 1, tafarnuwa ƙwaya 3, tattasai 2, tumatirin gwangwani babban cokali 2, masoro, gishiri, ganyen ɗoɗɗoya kaɗan, mozarela giram 250, madara lita 1, lemon tsami 2, ƙwai 1 na shafawa.

Yadda za ki yi

Da farko ki jiƙa yis da sukari a ruwan ɗumi, ki ba shi minti 10 ya yi kumfa. Ruwan kada ya yi zafin da yatsanki ba zai jure ba, don zafi yana kashe yis. Ki zuba a fulawa tare da gishiri da mai, ki murza na minti 10 har ya yi santsi ya daina kama hannu. Ki rufe shi a wuri mai ɗumi na awa 1 ya ninka girmansa.

Kafin ya tashi, sai ki yi farin cuku mai laushi wanda zai tsaya a madadin rikota, wato cukun da mutanen Napoli ke haɗawa da mozarela. In kin iya awara, ai kin iya wannan. Ki ɗora madara, da ta kusa tafasa ki sauke, ki zuba ruwan lemon tsami babban cokali 3. Za ki ga ta tsinke. Bayan minti 10 ki tace a ƙyalle mai tsabta, ki bar ruwan ya tsane, ki barbaɗa gishiri. Kin ga kin rage kuɗin cuku, kuma kin san abin da ke ciki.

Sai nama. Ki soya albasa da tafarnuwa a mai kaɗan, ki zuba nama da tattasai da tumatir da kayan ƙanshi, ki yi ta juyawa har ruwan naman ya ƙone ƙaf. Ki sauke ya huce sosai. Wannan fa shi ne sirrin kalzone gaba ɗaya: abin ciki ya zama busasshe kuma mai sanyi. Nama mai ruwa yakan jiƙa ƙasan kwaɓin ya fito kamar ɗanye, mai zafi kuwa yakan narkar da cuku tun kafin ki rufe baki. Idan mozarelarki irin mai zama cikin ruwa ce, ki yanka ta ki tsane ta a matsami tukuna.

Yanzu ki raba kwaɓin gida 20, ki murza kowanne ya yi faɗin bakin kofin shayi babba. Ki zuba haɗin nama da cuku iri biyun cokali 1 a gefe guda, kada ki cika don son burge baƙi, fashewa zai yi. Ki ninke, ki danne bakin da cokali mai yatsu, ki shafa ƙwai, sannan ki ɗan tsaga samansa da wuƙa don tururi ya sami hanyar fita.

Ki kunna obin tun da wuri ya yi zafi sosai, maki 220 a ma'aunin Salsiyos, ki gasa minti 15 zuwa 18 har ya yi ja. In babu obin, ki zuba yashi mai tsabta a ƙasan babbar tukunya, ki bar shi ya yi zafi, ki ɗora farantin gashi a kai, ki rufe ki zuba garwashi a kan murfin kamar yadda ake gashin kek.

Ranar taro

Za ki iya soya nama ki yi cuku tun jiya ki ajiye a firij, da safe sai kwaɓi da gashi kawai. Da ɗuminsa ya fi daɗi, lokacin da cukun ke jan zare. Ki ajiye ɗan miyar tumatir a gefe don dangwalawa. Tunda akwai nama da madara a ciki, kada ki bar shi a waje fiye da awa 2, musamman lokacin zafi. Ki riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan, wanda ya rage ki ɗumama a obin, ki kuma aika wa maƙwabta nasu tun yana da kyau.

Allah Ya sa albarka a hannunki, Ya ciyar da mu halal. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.