Keke Zai Iya Kai Ni Wurin Aiki Kullum?

Wani malamin makaranta daga Funtuwa ya rubuto mana cewa tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ke cinye masa albashi. Yana tambaya, shin keke zai iya zama abin hawansa na kullum?

To Malam, mun gode. Amsar ta danganta da nisa. Idan tsakanin gidanka da makaranta bai wuce kilomita 5 ba, keke zai kai ka cikin kamar minti 20, ba tare da ka wahala ba. Kilomita 5, minti 20. A ƙasar Holan kekuna sun fi mutane yawa, har manyan ma'aikata ma a keke suke zuwa ofis. Amma fa su ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, kuma an ware wa keke hanyarsa daban, mu kuwa da tirela da 'yan acaɓa muke raba titi.

Don haka Malam ka fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka bi gefen titi. Ka tabbata birki na kamawa sosai, ka riƙa sa wa sarƙa mai, ka ɗaura fitila saboda dawowar magariba. Faci kuwa, da wuya a rasa mai yinsa a bakin kasuwa.