Ma'anar Ceto da Tuba a Addinin Kirista: Nazarin Kalmomin da Hausa ta Ɗauke Su da Su

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ma'anar ceto da tuba a koyarwar addinin Kirista, da yadda harshen Hausa ya ɗauki waɗannan ma'anoni. An bi hanyar nazarin ma'ana wajen kwatanta abin da kalmomin ceto, fansa, alheri, bangaskiya da tuba suke nufi a Hausar yau da kullum da abin da suke nufi a bakin Kirista mai jin Hausa. Nazarin ya gano cewa masu fassarar Littafi Mai Tsarki sun ɗauki kalmomin da suka riga suka zauna da gindinsu a al'ada da Musulunci, suka ɗora musu sabon nauyi. Sakamakon haka, Musulmi da Kirista kan furta kalma ɗaya alhali kowa da abin da yake nufi.

Muhimman kalmomi: ceto, tuba, fansa, alheri, bangaskiya, fassara

1.0 Gabatarwa

Hausa ita ce harshen ibada a dubban majami'u a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Da ita ake wa'azi da waƙa da addu'a a ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da EYN da HEKAN, har a wuraren da ba ita ce harshen uwa ba, kamar Filato da kudancin Kaduna da Adamawa. Duk da haka, nazarin Hausa a jami'o'i bai cika waiwayar wannan nau'i na harshen ba. Wannan giɓi ne, domin duk inda al'umma biyu suke tarayya a kalma amma suka bambanta a ma'ana, akwai aiki ga mai nazarin harshe. Manufar maƙalar ita ce fayyace ma'ana. Ba ta shiga batun fifita wata aƙida a kan wata ba.

2.0 Yadda Hausa ta Zama Harshen Bishara

Aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ya faro ne daga James Frederick Schön, Bajamushe ma'aikacin ƙungiyar mishan ta CMS, wanda ya shiga tafiyar binciken kogin Kwara a 1841. Ya amfana ƙwarai da Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Schön ya fitar da Bisharar Matiyu a 1857, sannan Sabon Alkawari ya kammala a 1880.

A 1900 ayarin Bishop Tugwell ya isa Kano, amma Sarki Alu bai ba su izinin zama ba. Daga cikin ayarin akwai Dakta Walter Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya daga 1905, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Miller na cikin jagororin fassarar cikakken Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932. Ƙungiyoyin SIM, wadda aka kafa a 1893, da SUM, wadda aka kafa a 1904, su ma sun riƙi Hausa a matsayin harshen wa'azi da koyar da karatu. Abin lura shi ne, dukkan waɗannan masu fassara sun tarar da Hausa ta riga ta ƙoshi da kalmomin addini da ta aro daga Larabci, kamar zunubi da tuba da gafara da aljanna. Dole suka zaɓi ɗaya daga cikin biyu: su ƙirƙiro sababbi, ko su yi aiki da waɗanda suka tarar. A mafi yawan lokuta na biyun suka zaɓa.

3.0 Ma'anar Ceto

3.1 Ceto a Koyarwar Kirista

Koyarwar ceto ta ginu ne a kan yadda Kiristanci yake kallon zunubi. A babi na 3 na Littafin Farawa an ba da labarin saɓon Adamu da Hauwa'u. Bulus, a babi na 5 na wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya fassara wannan saɓo a matsayin ƙofar da zunubi da mutuwa suka shigo wa dukan 'yan Adam. Saboda haka zunubi a wannan fahimta ya wuce laifuffukan da mutum yake aikatawa ɗaya bayan ɗaya. Hali ne da aka haifi mutum a cikinsa, wanda ya raba shi da Mahaliccinsa, kuma ba ya iya fitar da kansa da ƙoƙarinsa.

Ceto, wanda Girkancin Sabon Alkawari ya kira soteria, shi ne fitar da mutum daga wannan hali. Kalmar ta ƙunshi kuɓutarwa daga haɗari da kuma warkarwa. Kiristoci sun yi imani cewa Allah ne ya yi wannan aiki ta wurin mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye da tashinsa daga matattu. Sunan Yesu ma, a asalinsa na Ibrananci, yana ɗauke da ma'anar cewa Ubangiji ne mai ceto. Masana tauhidin Kirista kan kasa ceto zuwa mataki uku: baratarwa, wato wanke mai zunubi daga hukunci, tsarkakewa, wato gyaruwar halinsa a tsawon rayuwa, da ɗaukaka, wadda za ta cika a lahira. Wannan ne ya sa ake iya jin Kirista yana cewa ya sami ceto, yana kuma cewa yana sa zuciya ga ceto, ba tare da ya ga saɓani ba.

3.2 Ceto a Kunnen Bahaushe

A Hausar yau da kullum, ceto shi ne fitar da wani daga halaka, kamar wanda ruwa zai ci ko wanda gobara ta rutsa da shi. A fagen addini kuwa, Musulunci ya ba kalmar ma'ana ta musamman, domin da ita ake fassara shafa'a, wato roƙon da Annabi Muhammadu (SAW) zai yi wa al'umma ranar ƙiyama. Ceto a nan abu ne na gaba, ana fatan shiga cikinsa, ba wanda yake bugun ƙirji ya ce ya riga ya samu. Don haka idan Kirista ya ce ya sami ceto, maƙwabcinsa Musulmi na iya jin maganar kamar yanke wa kai hukunci tun kafin ranar hisabi. Shi kuwa mai maganar abin da yake nufi shi ne dogaro ga aikin da ya yi imani wani ya riga ya kammala dominsa. Tushen bambancin a aƙida yake: Musulunci ya koyar da cewa Annabi Adamu ya tuba an kuma karɓi tubansa, babu rai da yake ɗaukar nauyin wani, kuma ba a gicciye Annabi Isa ba, kamar yadda aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta nuna.

3.3 Fansa, Alheri da Bangaskiya

Kalmomi uku ne suke rakiyar ceto. Ta farko ita ce fansa. A ƙasar Hausa kafin ƙarni na 20, fansa ita ce dukiyar da dangi suke biya don karɓo ɗan'uwansu da aka kama a yaƙi, ko wadda bawa yake biya don samun 'yancinsa. Wannan ya yi daidai da hoton da Markus ya kawo a babi na 10, inda aka kwatanta ran Almasihu da kuɗin 'yantar da mutane da yawa. A nan Hausa ta ba masu fassara kalma mai rai, wadda masu sauraro na farko suka san zafinta. Sai dai a Hausar yau an fi jin kalmar a "ɗaukar fansa", wato ramuwar gayya, da "kuɗin fansa" da ake biya wa masu garkuwa da mutane. Dole mai wa'azi na yau ya yi la'akari da wannan sabon kaya da kalmar ta ɗauko.

Ta biyu ita ce alheri, wadda aka fassara kalmar Girkanci charis da ita. A tunanin Bahaushe alheri abu ne da yake komowa ga mai shi. Shi ya sa ake cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Alherin da Bulus yake magana a kai a babi na 2 na Afisawa kuwa kyauta ce ga wanda bai cancanta ba, bai kuma da abin da zai rama da shi. Kalmar ta kama ɓangaren kyautatawa, amma ɓangaren rashin cancanta sai an yi masa ƙarin bayani.

Ta uku ita ce bangaskiya. Maimakon imani ta Larabci, Hausar Kirista ta fi riƙe wannan harɗaɗɗiyar kalma da ta fito daga "ba da gaskiya". Ma'anarta ta haɗa yarda da dogaro, irin na wanda ya miƙa amanarsa ga wani. Ita ce ɗaya daga cikin kalmomin da ake saurin gane Hausar majami'a da su.

4.0 Ma'anar Tuba

4.1 Tuba a Koyarwar Kirista

Idan ceto aikin Allah ne, tuba ita ce amsar ɗan Adam. Tsohon Alkawari ya yi amfani da kalmar Ibrananci shub, wato juyowa ko komowa. Sabon Alkawari ya yi amfani da metanoia, wato sauyin tunani da zuciya, da kuma epistrophe, wato juyowa. Daga waɗannan ake fahimtar cewa tuba fuska biyu gare ta: juya wa zunubi baya, da fuskantar Allah cikin bangaskiya.

Misalin ɗan da ya ɓace, a babi na 15 na Luka, ya tattara matakan. Yaron ya karɓi gādonsa ya lalatar a wata ƙasa, yunwa ta sa ya dawo cikin hayyacinsa, ya tashi ya koma gida yana shirin roƙon a ɗauke shi ɗan ƙodago. Uban ya hango shi daga nesa ya sheƙo ya rungume shi kafin ya gama ba da haƙuri. Akwai nadama, akwai tashi, akwai furta laifi, amma karɓar da aka yi masa ta wuce abin da ya roƙa. A babi na 19 kuma, Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa da mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Wannan ya nuna tubar da ba ta taɓa aljihu da mu'amala ba, da sauranta. Hausawa na da suna ga irin wannan: tuban muzuru.

Tuba na iya zuwa farat ɗaya, kamar ta Shawulu a hanyar Dimashƙu a babi na 9 na Ayyukan Manzanni, ko ta zo sannu a hankali. Alamarta ta fili ita ce baftisma. Babi na 2 na wannan littafi ya ce kimanin mutum 3,000 aka yi wa baftisma bayan wa'azin Bitrus ranar Fentikos. Sauyin cikin zuciya kuwa shi ake kira maya haihuwa ko sake haihuwa, bisa zancen Yesu da Nikodimu a babi na 3 na Bisharar Yahaya.

4.2 Tuba a Kunnen Bahaushe

Kalmar tuba daga Larabci take, kuma Hausa ta faɗaɗa ta zuwa ma'ana uku. Akwai nadamar saɓo da komawa ga Allah. Akwai miƙa wuya ga na gaba, kamar yaron da ake horo yana cewa ya tuba, ko talaka a gaban sarki. Akwai kuma shiga Musulunci, inda ake cewa Bamaguje ya tuba, a kira shi tubabbe. Hausar majami'a ta ɗauki ma'ana ta farko da ta uku, ta juya akalar ta ukun, har ake kiran wanda ya shigo Kiristanci sabon tuba. A nan ne karon ma'ana ya fi tsanani, domin aikin da ɓangare ɗaya yake kira tuba, ɗaya ɓangaren ridda yake kiransa. Mai fassara da ɗan jarida da mai shirya ƙamus duk suna bukatar sanin wa yake magana kafin su yanke abin da kalmar take nufi.

5.0 Saɓani Tsakanin Kiristoci

Kiristoci ba su taru a kan bayani ɗaya ba game da rabon aikin Allah da na mutum. Pelagius ya ga mutum na da ikon bin umarnin Allah da nufinsa, Agustin na Hippo (354-430) ya ce sai alheri ya riga ya taɓa zuciya, kuma Majalisar Kataje ta 418 ta ƙi ra'ayin Pelagius. Martin Luther, wanda gardamarsa da Roma ta faro a 1517, ya tsaya a kan cewa ta bangaskiya kaɗai ake baratar da mutum. Majalisar Trent, a hukuncinta na 1547, ta amince alheri ne mafari, amma ta ce dole mutum ya ba da haɗin kai, bangaskiyarsa ta yi aiki cikin ƙauna. Sai a 1999, a birnin Augsburg na Jamus, Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan matsaya ɗaya game da ginshiƙan wannan batu. Wannan tarihi ya shafi Hausa kai tsaye, domin yawancin mishan da suka gina Hausar majami'a Furotesta ne, kuma abin da suke ƙarfafawa, wato tubar mutum shi kaɗai da tabbacin ceto, shi ya fi fitowa a cikinta.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa a koyarwar Kirista ceto kyauta ce daga Allah ta wurin Almasihu, tuba kuwa ita ce juyowar da mutum yake yi don karɓar ta. Ta kuma nuna cewa fansa da bangaskiya sun ɗauki ma'anar da aka ɗora musu cikin sauƙi, alheri ya ɗauki rabi, ceto da tuba kuwa suna ɗauke da ma'ana biyu masu karo da juna. Ana ba da shawarar masu shirya ƙamusun Hausa su riƙa shigar da ma'anar da kalmomin addini suke da ita a majami'a tare da ta masallaci. Haka kuma, akwai bukatar a kwatanta fassarorin Littafi Mai Tsarki na Hausa tun daga na Schön, a kuma nazarci waƙoƙin majami'a, don gano lokacin da kowace kalma ta zauna da yadda ma'anarta ta sauya.