Makonni Uku a Legas, Zuciya na Cewa a Koma Gida

Tambaya: Ni tela ne ɗan shekara 24. Na taso daga wani ƙauye kusa da Funtua na zo Legas neman na kaina. Yau makonni uku ina Agege, ina kwana a shagon abokin yayana. Barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya shiga, guzurina ya kusa rabi, kuma gani nake kamar kowa faɗa yake yi da ni. Ina son komawa, amma kunyar mutanen gida ta hana ni. Ina mafita?

Amsa: Ka kwantar da hankalinka, abin da ke damunka ba ragwanci ba ne, baƙunta ce. Har yau ban manta da asubar da motarmu ta shigo Legas ta Berger ba, bayan mun kwana a hanya. Rana ba ta fito ba amma rigata ta jiƙe sharkaf da gumi. Kwandastan danfo na rataye a ƙofa yana ta kwarara kiran Oshodi, na yi wa wani sallama zan tambaye shi hanya, ya wuce ko waiwaye bai yi ba. Na rungume jakata a ƙirji, zuciyata ta ce mini garin nan ba na zama ba ne. Daga baya na gane mutumin nan sauri yake kada cunkoso ya tare shi, ba ni ya raina ba.

Ga abin da ke faruwa da kai. A gida ba ka tunani kafin ka sayi koko ko ka hau mota, domin ka san farashi, ka san hanya, ka san fuskokin mutane. A nan kuwa kowane ɗan abu sai ka yi masa lissafi, ga harshen da ba ka ji, ga iska mai danshi da jikin ɗan Arewa bai saba da ita ba. Ƙwaƙwalwa takan gaji, in ta gaji kuma sai barci da cin abinci su lalace, komai ya koma maka baƙi. Ɗaga muryar da kake ɗauka faɗa ce, sau da yawa salon maganar gari ne mai hayaniya. Saboda haka kada ka yanke wa Legas hukunci da idon makonni uku. Ka ɗibar wa kanka wata uku, sannan ka zauna ka auna.

Abu na farko, ka yi maigida. Ba kai ka fara wannan tafiya ba. Cinikin goro da na shanu sun daɗe da kawo kakanninmu Kurmi, kuma tun da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912 zangonni suka ƙara cika. Tsarin da ya riƙe su shi ne baƙo ya sauka hannun mai masauki, wanda zai tsaya masa, ya nuna masa na kirki da na banza. Wannan tsari yana nan a Agege, da Idi-Araba, da Mile 12. Ka roƙi abokin yayanka ya gabatar da kai ga limamin masallacinku da dattawan unguwa, ya kai ka wurin shugabannin teloli. Aiki a garin nan ta bakin mutane yake zuwa, kuma ranar da matsala ta taso, wanda aka san shi ne ake tsaya wa. Sai dai ka lura da wanda kake zama da shi, ba duk mai jin Hausa ne ɗan'uwanka ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Na biyu, ka tsare sauran guzurinka. Tun yau ka ware kuɗin motar komawa gida ka ajiye a banki, kada ka taɓa. Wanda ya san yana da hanyar komawa ya fi samun natsuwar zama. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta duk abin da ka kashe, cikin mako guda za ka ga inda kuɗin ke zurarewa. Kada ka yi gaggawar kama ɗaki. In lokaci ya yi, ka sani ban da kuɗin haya akwai na dillali, da na takardar yarjejeniya, da na ajiya saboda ɓarna. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya a unguwanni irin naku. Kada ka ba kowa ko sisi sai ka shiga ɗakin da ƙafarka, ka ga mai gidan ido da ido, an rubuta maka rasit a gaban shaida. Ka kuma tambayi maƙwabta ko ruwa na shiga gidan da damina, don ruwan Yuni da Yuli a Legas ba wasa ba ne.

Na uku, ka koyi gari kaɗan-kaɗan. Duk mako ka ɗauki hanya ɗaya ka bi ta da rana har ka haddace tashoshinta. Ka yi katin Cowry, da shi ake hawa manyan motocin BRT da jirgin ƙasa na cikin gari, wanda layinsa daga Agbado zuwa Oyingbo ya bi ta Agege tun 2024. Mota kuwa a tasha ake shiga. Ƙaramar motar da ta tsaya maka a bakin titi da dare, da mutane biyu ko uku a ciki, ka bar ta ta wuce, haka 'yan "wan cans" ke yashe fasinja. Inda akwai gadar masu tafiya a ƙasa, ka hau ta, tsallaka babban titi a ƙarƙashinta laifi ne da ake kama mutum a kai. In wani ya ce ka ajiye keken ɗinki ka kama acaɓa don kuɗinta na zuwa da wuri, ka tuna tun 2022 gwamnati ta hana ta a ƙananan hukumomi goma, ciki har da Ikeja da Mushin da Apapa, kuma babur ɗin da aka kama ba ya dawowa. Ka riƙa yawo da katin shaidarka na ƙasa, ka yi rajistar zama ta LASRRA, ka ajiye lambobin gaggawa 112 da 767 a wayarka.

Na huɗu, kada ka kulle kanka a zango. Ka koyi gaisuwar masu gari. "E kaaro" da safe, "e she" in an yi maka alheri. Matar da ke sayar da burodi a bakin layinku, ranar da ka gaishe ta da harshenta za ka ga fuskarta ta sake, wataƙila ita ce za ta fara kawo maka ɗinkin anko. Allurarka ba ta san ƙabila ba, kuma garin nan gari ne na biki da sutura.

Jikinka ma yana da haƙƙi. Ka sayi gidan sauro, ka sha ruwa mai tsabta da yawa, ka nemi tuwo da miyar kuka a wurin matan zango ko sau ɗaya a rana. In zazzaɓi ya kama ka, a gwada jininka kafin ka sha magani. In kuma rashin barci da ƙuncin zuciya suka zarce har suka hana ka aiki, ka ga likita, wannan ma ciwo ne mai magani. Ka riƙa kiran gida, amma ka sa masa lokaci, kamar bayan isha'i, kada yininka ya ƙare jikinka na Agege hankalinka na Funtua.

In wata ukun nan suka cika, ka buɗe littafinka. Idan kana ciyar da kanka, ka sami ko mutum biyar da ke neman ɗinkinka, to ka dage, sannu ba ta hana zuwa. Idan kuwa ka yi iya yinka abin bai karɓe ka ba, ka ɗauki kuɗin motar nan ka koma da kanka a ɗage. Iyayenka lafiyarka suke so kafin kuɗinka, kuma arziki ba a gari ɗaya Allah ya ajiye shi ba. Allah ya yi maka jagora, ya sa ka ci baƙuntarka lafiya.