'Yata, Kafin Ki Sa Hannu a Takardar Waƙa

'Yata, labari ya iske ni cewa ke da ƙawayenki biyu kun haɗa kai kuna waƙa, har wani mai situdiyo ya ce zai ɗauke ku. Allah Ya sa albarka. Ban zo in hana ki ba. Mata sun daɗe suna waƙa a ƙasar nan. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa ta shafe shekaru tana amada, 'yan amshinta na kaɗa ƙwarya, har Allah Ya karɓi abinsa a 2013. Sai dai masu amada a gaban idonsu ake yi musu liƙi, su ƙirga abinsu su raba. Sana'ar da ku za ku shiga kuwa, kuɗinta sai ya bi ta hannun mutane da yawa kafin ya iso gare ku, kuma takardar da kuka sa wa hannu ita ke faɗin nawa zai iso.

A birnin Atlanta na Amurka an yi wasu 'yan mata uku masu suna TLC: T-Boz da Left Eye da Chilli. Suna da ƙuruciya suka sa hannu a yarjejeniya da wani kamfanin waƙa a 1991. A 1994 suka fitar da kundin CrazySexyCool, wanda daga baya aka sayar da sama da kwafi miliyan 10 a Amurka kaɗai. A tsakiyar wannan tashe, cikin watan Yuli na 1995, suka je kotu suka bayyana karayar arziki, ana bin su bashin dala miliyan 3.5. Ko a 1996 da suka karɓi lambobin Grammy biyu, sun shaida wa 'yan jarida cewa ba su da ko taro.

Gaskiya akwai wasu dalilan, har da ɗawainiyar asibitin T-Boz mai fama da sikila. Amma tushen matsalar yana cikin takardar yarjejeniyar da suka sa wa hannu. Left Eye ta bayyana daga baya cewa rabonsu a kowane kwafi senti 56 ne, su raba uku. Kuma daga cikin wannan ɗan rabon kamfani ke cire abin da ya kashe: kuɗin situdiyo, na ɗaukar bidiyo, da kafin alƙalamin da aka ba su tun farko suna murna. Nan fa nake so ki tsaya ki yi tunani, 'yata, domin kafin alƙalami a wannan sana'a bashi ne, ko da an miƙo miki shi da fara'a. Hatta sunan TLC ba mallakinsu ba ne a lokacin, sai da suka fanshe shi.

Kada ki ce ai can Amurka ce. A situdiyoyin Kano da Kaduna yarinya kan ɗora murya a waƙar fim, a sallame ta sau ɗaya, waƙar ta yi shekaru tana yawo a YouTube da gidajen biki, jama'a su san fuskar jarumar da ta hau waƙar, mai muryar kuwa ko sunanta ba kowa ya sani ba. Wannan yana ci mini rai, domin ba a yi mata adalci ba.

Don haka kafin alƙalami ya taɓa takarda, ki tambaya: idan an gama ɗaukar waƙa, ta wa ce? Shekara nawa za a ɗaure ku? Sunan ƙungiyar na wa ne? Idan an amsa miki da baki, ki ce a rubuta. Ki riƙe naki kwafin a gida. Duk wanda ya ce yau-yau yake son sa hannu, ba zai jira lauya ya duba ba, ki ba shi haƙuri ki tashi. Kuma kada ki riƙa zuwa situdiyo da dare ke kaɗai, komai kirkin mai wurin.

Sai tsakaninku ku uku. Yanzu kuna cin abinci a kwano ɗaya, shi ya sa yanzu ne lokacin da za ku zauna ku yanke yadda za a raba kuɗi, da abin da zai faru in ɗaya ta yi aure ko ta gaji. Ki duba misalin Florence Ballard, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mawaƙa ta Supremes a Detroit. A 1967 aka cire ta, aka ɗora sunan abokiyar waƙarta Diana Ross a gaban sunan ƙungiyar, ta rasu a 1976 tana da shekara 32 bayan ta sha wahalar talauci. Ba na so watarana in ji ku a bakin duniya kuna tonon silili.

Takardar da mai situdiyon ya ba ku, ki kawo ta gida ranar Juma'a. Mu zauna da babanki da iyayen ƙawayenki, a nemo lauya ya karanta mana ita layi-layi. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare miki mutuncinki.