Tsohuwar unguwar Kaka

Ranar lahadi babu lakol. Kaka ta kira jikokinta, suka gangara bakin Gulbin Maraɗi. Ta tsaya cikin wani lambu, ta nuna ƙasa da sandarta.

— Nan gidanmu yake a da.

Yara suka duba. Babu ɗaki, babu danga, sai itatuwan mangwaro.

— Kaka, ina gidan ya tafi?

— Ruwa ya ci shi, jikokina. A da, garin Maraɗi cikin kwarin nan yake. Ƙaramin gari ne, kowa ya san kowa. Gabas da mu akwai maƙeri. Ƙarar guduma tasa ke tashin mu da safe. Yamma akwai marina, hannuwansu kullum baƙi ƙirin da baba. Wata tsohuwa tana tuyar ƙosai a ƙofar gidanta. Ko yaro ba shi da kuɗi, ba ta barin shi ya wuce da yunwa.

Kaka ta yi shiru kaɗan, sannan ta ba su labarin daminar 1945. Shekarar nan gulbi ya cika, ya yi ambaliya cikin gari. Ɗakunan ƙasa suka jiƙe suka zube, rumbuna suka faɗi. Kaka tana ƴar shekara bakwai. Maƙeri ne ya saɓa ta a kafaɗa, ya kai ta tudu.

Bayan ambaliya, Faransawa, masu mulkin ƙasar a lokacin, suka maida gari bisa tudu, aka shata tituna miƙaƙƙu. Maƙwabta suka yi gayya: yau a gina ɗakin wannan, gobe na wancan. Ɗakin mai ƙosai aka fara ginawa, don ba ta da ɗa.

— Ruwa ya ci katangunmu, in ji Kaka, amma bai ci zumuncinmu ba. Duk sun rasu, Allah ya jiƙan su. Ku riƙe labarinsu, kada ya ɓace.

Ma'anar kalmomi
Ambaliya: ruwan da ya fi ƙarfin gulbi ya malala.
Marina: masu rina tufafi.
Gayya: aikin da mutane ke taruwa su yi wa ɗayansu.

Tambayoyi
1. Ina garin Maraɗi yake kafin 1945?
2. Wa ya ceci Kaka?
3. Don me aka fara gina ɗakin mai ƙosai?

Aiki
Tambayi wani tsoho yadda unguwarku take a da. Rubuta layi biyar da hausa, biyu da faransanci.