Birkin baya na motar daji: kuka da zubar mai

Darasinmu na yau a kan motar daji ne, irin wadda ke kai mu kasuwa, ta ɗauki hatsi da bisashe, ta kai majinyaci likita. Hanyoyinmu rairai ne da rani, taɓo da damana. A ƙasar Adar kuma, wajen Keita da Buza, ga duwatsu ga gangara. Mota cike da mutane bisa gangara, ranta yana ga birki.

Galibi birki ba ya mutuwa rana ɗaya. Sai ya yi kuka, ko ya zubar da mai, kafin ya ƙi kamawa. Wanda ya san waɗannan alamomi biyu, ko direba ne, ko yaron mota, ko fasinja, yana iya ceton rayuka.

Yadda birkin baya ke aiki

Tsofaffin Land Rover, da Toyota Hilux masu yawa, da Land Cruiser da dama, birkinsu na baya na tambur ne. Tambur kamar kwanon ƙarfe yake, yana juyawa tare da taya. A cikinsa akwai takalma biyu na ƙarfe, kowane da fata manne a bayansa. Tsakaninsu akwai ƙaramar silinda mai roba a ciki.

In direba ya taka birki, man birki ya biyo bututu ya shigo silinda. Silinda ta ture takalman, fata ta kama tambur, mota ta tsaya. In ya ɗauke ƙafa, resor ya jawo takalman su koma wurinsu.

Tambur rufe yake. Saboda haka rairai, ko ruwa, ko mai, in sun shiga ba su fita da sauƙi.

Kuka iri biyar

1. Ƙara siririya kamar busa, lokacin da aka taka birki. Galibi ƙura ce da rairai, ko kuwa fata ta yi santsi don zafi. A buɗe a share.

2. Gurza, kamar ana wasa wuƙa bisa dutse, lokacin da aka taka birki. Fata ta ƙare, ƙarfe na cin ƙarfe. Wannan ba ya jiran gobe, domin tambur ɗin kansa zai lalace.

3. Gurza kullum, ko ba a taka birki ba. Wataƙila resor ya katse, ko tsakuwa ta shiga, ko takalmi ya ƙi komawa. A tsaya, a kai hannu kusa da ƙarfen kowace taya ba tare da an taɓa ba. Wadda ta fi sauran zafi, a nan ciwon yake.

4. Ƙwanƙwasa, ƙwas, ƙwas, birki kuma yana harbin ƙafar direba. Tambur ya lanƙwashe, ko abin da ke riƙe takalmi ya kwance.

5. Gunji mai ƙaruwa in mota ta ƙara gudu, wanda taka birki ba ya kashe shi. Wannan galibi rulma ce, ba birki ba. Amma rulma in ta lalace tana sa mai ya shiga tambur.

Akwai kukan da ba na tsoro ba. Motar da ta kwana cikin raɓa, ko ta ƙetare gulbi, tana iya ɗan gurza da farko. Direba ya tafi sannu, yana taka birki kaɗan kaɗan har fata ta bushe. In kukan bai tafi ba, a duba.

Mai iri biyu

Kowace safiya a leƙa bayan tayoyin baya. In an ga jiƙa a ƙasan tambur, ko mai ya yi zane a cikin taya, to akwai yoyo. Mai biyu ne ke iya fitowa nan, kuma gyaransu ba ɗaya ba ne.

Na farko man birki ne. Ba shi da kauri, launinsa kamar ruwan shayi marar ƙarfi, kuma yana ɓare fenti. Daga silinda yake fitowa in robarta ta ci. Alamarsa, mai yana raguwa a gwangwaninsa na gaban mota, birki kuma ya yi laushi yana nutsewa ƙasa.

Na biyu man pon ne, wato gidan ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu. Shi mai kauri ne, yana da wari mai ƙarfi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Yana fitowa in robar da ke tare shi ta ci. Birki ba ya laushi a ƙafa, amma ba ya kamawa sosai, mota tana ja gefe guda.

Ga gwaji mai sauƙi. A zuba ruwa cikin murfin gwangwani, a ɗiga man a ciki. Man birki yana gauraya da ruwa. Man pon yana tasowa sama kamar man gyaɗa bisa miya.

A bisa pon akwai ɗan ƙaramin hanci da iska ke fita. In taɓo ya toshe shi, pon ya yi zafi, iska ta tura mai ta wajen roba. Wanda ya sake roba bai buɗe hancin ba, zai sake ganin yoyo.

In za a buɗe tambur

A tsayar da mota wuri mai tauri. A tare tayoyin gaba da duwatsu. A sa katako ƙarƙashin kirik don kada ya nutse cikin rairai, a ƙara tokara da gungume. Kada kowa ya dogara ga kirik shi kaɗai.

A buɗe gefe ɗaya tukuna. In an manta yadda resor ke zaune, sai a duba ɗaya gefen.

Kada a hura ƙurar ciki da baki. Tsofaffin fatu suna da wani abu mai lahanta huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

A ɗaga robar bakin silinda. In cikinta jiƙe yake, silinda ce ke yoyo. A auna fata kuma. In kaurinta ya sauko kusa da milimeta 1 da rabi, lokacin saki ya yi.

Fatar da ta sha mai ba ta wankuwa. Ko an wanke ta da esansi, ko an gasa ta bisa wuta, man yana sake fitowa in ta yi zafi. Sai a sa sabuwa, kuma a sake ta dama da ta hagu tare, don mota ta tsaya daidai.

Bayan an sake silinda, dole a fitar da iska daga bututu. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana taka birki, ɗaya yana buɗe ɗan ƙusan da ke bayan silinda, har mai ya fito babu kumfa.

Abubuwan da ba a yi

Ba a zuba man inji, ko man gyaɗa, ko ruwan sabulu a maimakon man birki. Man inji yana kumbura roba. Ruwa kuwa yana tafasa in birki ya yi zafi, birki ya ɓace a tsakiyar gangara. A sayi gwangwani rufaffe mai rubutun DOT 3 ko DOT 4, yadda littafin motar ya ce. Man birki yana shan danshi, shi ya sa ake sake shi duk shekara 2.

Ba a toshe bututun da ke yoyo a ci gaba da ɗaukar mutane. Wasu tsofaffin motoci hanyar mansu ɗaya ce. In taya ɗaya ta zubar da mai, birkin duka huɗu ya tafi.

Ba a zuba man birki ga rauni. Guba ne, ba magani ba. A ajiye shi nesa da yara.

Fasinja ma yana da baki. In ka ga mai a bayan taya, ko ka ga direba yana taka birki sau biyu sau uku kafin mota ta tsaya, ka yi magana cikin ladabi tun a tasha. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Wane kuka ke nuna fata ta ƙare?
2. Ta yaya ake rarrabe man birki da man pon?
3. Don me ake sake fatar dama da ta hagu tare?
4. Mota ta ƙetare gulbi. Me ya kamata direba ya yi kafin ya ƙara gudu?